Akwati Mai Gindi Biyu

Ran da ƙwai ya fito daga kunnen Labo
a bakin tashar Madarunfa,
ban tafa ba.
Jama'a na cewa aikin aljanu ne,
ni kuwa hannun rigar mai dabon nake kallo:
ya fi na kowa faɗi,
kuma ko sau ɗaya bai ɗaga shi sama ba.

Na bi shi har teburin mai shayi.
Na ce, koya mini.
Ya ce, jaka talatin da baƙin bunsuru.
Na ce, dala arba'in gare ni da tsohuwar lema.
Ya kurɓe shayinsa, ya bar ni da ƙudaje.

Wanda ya buɗe mini ƙofa ba boka ba ne.
Baba Arzika ne, mai gyaran kwaɗo da makulli
a lungun bayan babbar kasuwa,
wanda hannunsa ke rawa in zai sha ruwa
amma ya tsaya cik in ya kama zarto.
Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina haɗiye allura
daga Tibiri har Jiratawa.
Ban taɓa gamuwa da aljani ba, ɗana.
Zare na gani. Zare, da haƙuri."

Ya faɗi kayan, na shiga gari.

Mayen ƙarfe na cikin mataccen rediyo,
sai da na share rumfar Ɗan Jimma kwana uku.
Ɓallen madubi daga kabu-kabun da ya faɗi a Bagalam,
mai shi ya ce, kwashe, na gaji da ganin wannan fuska.
Zaren fatsa kuwa sai bakin tabki.
Masunci ya yanko mini kamu biyu,
ya ce, wane kifi za ka kama ba ƙugiya?
Na ce, idanun mutane.
Lemar nan da aka raina,
ita ta ba ni sifirin.

Kafinta ya juya zanena sama da ƙasa:
"Akwati mai gindi biyu?
Fasa-ƙwauri za ka fara zuwa Jibiya?"
Ya yi dai, da guntun katakon da ya rage
daga gadon wata amarya.

Daga nan sai dare da cocila.
Kwabo ya faɗi, ƙal. Na ɗauka. Ya faɗi.
Ƙwan zabi goma sha tara na fasa wa inna,
har ta fara zargin muzuru.
Baba Arzika na bugun yatsuna da makulli:
"Bar kallon hannun da ke aiki!
Ido akuya ne,
inda ka watsa dusa, can zai bi."

Wata bakwai.

Ranar wata Laraba bayan la'asar
na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.
Dala ashirin ta shiga akwati. Na rufe. Na hura.
Na buɗe: wayam.
Yaran unguwa suka watse da ihu,
wata tsohuwa ta tofa addu'a a wuyan rigarta,
mai ƙosai ta bar mai yana ƙonewa.

Mutum ɗaya bai tafa ba.
Ƙanwata Tsahara, shekara takwas,
ta tallabe haɓa,
ba akwatin take kallo ba.

Da dare ta same ni ina kwance sifirin.
Ta ce, "Yaya, zaren na ƙyalli ta gwiwar hannu.
Shafa masa baƙin tukunya."
Na yi shiru.
Ta ce, "Koya mini."

Na ce, jaka talatin da baƙin bunsuru.

Ta buɗe tafin hannu:
dalata ashirin,
wadda na rantse tana gindin akwati.

Na matsa mata a tabarma.
Na ce, riƙe cocilar da kyau.